Rigar Silikin da Ta Ƙi Rufuwa

A gidana aka yanka rigar, a gidana aka ɗinka ta. Matata tela ce, Iya Mai Keke ake ce mata, ɗakin ƙofar gida shi ne shagonta. Ni kuma tun da ciwon gwiwa ya raba ni da aikin gini, kujerata tana bakin ƙofar nan. Labule ne kawai tsakanina da masu zuwa awo. Labule yana tare ido, ba ya tare kunne. Tsoho a bakin ƙofa kuwa kamar turmi yake, ba a lissafa shi cikin masu ji.

Yarinyar 'yar maƙwabtanmu ce. Siririya ake kiranta tun tana ƙarama, don ko iska aka yi sai a ce a riƙe ta kada ta tafi da ita. Ƙananan yara take koyarwa a wata makaranta ta bayan layi. Wanda za ta aura mai gyaran wutar lantarki ne. Ita ta kawo shi, gida ya karɓa, babu wanda aka yi wa dole.

Su uku suka zo zaɓen ɗinki: ita, da uwarta, da Gwaggo, yayar ubanta. Gwaggo ce ke riƙe da gidan tun da mijinta ya rasu ta dawo. Uban yarinyar direban babbar mota ne, rabin wata yana hanya, in ma yana gida ba ya tsallake maganar yayarsa.

Iya ta baje musu hotunan ɗinkin yayi. Yarinyar ba ta ko duba ba. Ta zaro wani tsohon hoto daga jaka, gefensa duk ya cinye.

"Iya, irin wannan nake so."

Kakarta ce ranar aurenta. Doguwar riga har ƙasa, dogon hannu, wuya a rufe, ƙugu a tsuke, ga ƙananan maɓallai a jere daga ƙeya har kwankwaso.

Iya ta yi dariya. "Ke 'yar nan, kowa na gudun tsufa, ke kina nemansa da kuɗinki?"

"Ai gara na saba tun yanzu, Iya. Ki dubi Baba, shi ma tsohon yayi ne, ga shi kin ƙi sakinsa."

Na yi gyaran murya daga waje, suka fashe da dariya. Haka take a lokacin. Bakinta ba ya mutuwa.

Gwaggo ta karɓi hoton ta daɗe tana kallo, don uwarta ce a ciki. Washegari ta dawo da ƙunshi. Siliki ne ruwan madara, mai nauyi, mai sanyi a hannu, ya shekara da shekaru a ƙasan akwatinta. Ta ce ko a kasuwa yanzu babu irinsa. Gaskiya ta faɗa. Daga ranar kuma rigar ta tashi daga ta amarya ta koma ta Gwaggo.

Iya ta auna yadin ta ce da ƙyar zai kai. Ta yi musu bayani tun kafin ta sa almakashi. Irin wannan ɗinkin a karkace ake yanka shi don ya bi jiki, duk abin da ke jiki sai ya nuna. Siliki kuma ba atamfa ba ne, inda allura ta bi ta bi ke nan, in an farke ɗinki hudar tana nan. Saboda haka za ta bar 'yar rara a ciki ta gefe biyu, ko da za a buƙaci saki.

A gwajin farko rigar ta zauna kamar a jikinta aka saƙa ta. Har leƙowa Iya ta yi ta ce in zo in gani. Na gani. Uwar tana share hawaye, ƙawayen yarinyar suna ta ɗauka a waya. Gwaggo ta zagaya ta, ta ja ta bakin taga inda haske yake.

"Meye wannan ya kwanta a gefe kamar tsutsa?"

"Rarar da na ce miki ce," in ji Iya.

"Rigar uwata ba ta da shi. Yanke."

"Jikin mutum ba katako ba ne, Gwaggon yara. Yau ya hau, gobe ya sauka."

"Wannan? Ko buhun shinkafa ta haɗiye ba za a gani ba. Yanke, ni na ce."

Iya ta yanke.

Bayan 'yan makonni suka dawo don a dasa maɓallai. Na ji Iya tana rufe su ɗaya bayan ɗaya daga sama, tana hira. Da ta zo ƙugu hirar ta tsaya.

"Ja numfashi, 'yar nan."

"Na ja, Iya."

Gwaggo ta ce, "Iya Mai Keke, ko dai an taɓa yadin nan bayan tafiyarmu? Siliki ne, na san yana shiga ido."

Matata ta shekara arba'in a kan keke, ba a taɓa ce mata ta ci ƙyallen wani ba. Ta cire rigar, ta shimfiɗa, ta auna ta da tef a gaban Gwaggo. Rigar tana nan yadda take. Sannan ta zagaya tef ɗin a ƙugun yarinyar. Nan ne aka ƙaru.

Sai na ji muryar Gwaggo.

"Ke. Yaushe rabonki da al'ada?"

"Tana zuwa, Gwaggo. Ta dai rikice kwanan nan, kuma marata na ciwo."

"Ta rikice."

"Na gaya wa Inna tun watan jiya."

Uwar ta ce a hankali, "Ta faɗa, Yaya. Na ce ko sanyi ne."

"Sanyi," in ji Gwaggo. "To, Allah Ya sa sanyin ba mai hannu da ƙafa ba ne. Sa mayafinki mu tafi."

Da suka fito yarinyar ta gaishe ni kamar kullum. Ba ta gane abin da aka ce ba tukuna. Uwar ta gane, don ta wuce ni ba ta ko dube ni ba.

Abin da ya biyo baya uwar ce ke kawo shi shagon, ta zauna kan buhun ƙyalle tana faɗa wa Iya tana kuka. A ranar aka karɓe wayar yarinyar. Gwaggo ta zaunar da ita ta bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sami komai ba sai hirarta da angon, yawanci a kan kalar labule da inda za a sa firji. Ta ce ai mai wayo goge sawunsa yake yi. Aka aika makaranta cewa amarya ta fara hutu. Aka sa kwaɗo a ƙofar gida, makullin yana ɗaure a bakin zanen Gwaggo.

Uwar ta hau mota ta tafi wani kemis can nesa inda ba a san ta ba, ta sayo tsinken gwajin ciki. Aka gwada. Babu komai. Ta ce har ta durƙusa tana gode wa Allah. Gwaggo ta karɓi tsinken ta juya shi.

"Ita kaɗai ta shiga bayin?"

"Ita kaɗai."

"To ruwan famfo kika gwada. Yaran yanzu, wane dare ne jemage bai gani ba?"

Aka sake sayo wani, Gwaggo ta tsaya a kanta a cikin bayi, budurwa mai shekara ashirin da wani abu. Babu komai. Gwaggo ta ce jabu ne, kaya duk sun lalace a kasuwa. Ta ce tsinke na ƙarya, riga ba ta ƙarya.

Iya ta ce wa uwar, "To ku kai ta asibiti mana. A duba a huta."

"Yaya ta ce ƙanwar uwar angon a can take aiki. Kafin mu karɓi kati labari ya riga mu gida."

"Asibiti ɗaya ne a duniya?"

"Ta ce ko'ina da ido. Ta ce mace mai shirin aure in aka gan ta a layin masu awon ciki, an gama."

"Ke fa? Ke me kika ce? Ba ke kika haife ta ba?"

Uwar ta ja bakin mayafi ta toshe baki. "Iya, ni ban san me zan yarda da shi ba. Cikin yana girma. Da idona nake gani."

Sai aka shiga neman mai shi. Yau shugaban makarantar ne, don ya taɓa rage mata hanya ranar ruwa. Gobe mai shagon katin waya ne, don yana mata dariya. Har ɗan kawunta da ke zuwa gaisuwa aka hana shi shiga. Angon ne kawai ba a tambaya ba. Lissafin Gwaggo shi ne, in an tambaye shi kuma ba nasa ba ne, aure ya mutu. In nasa ne, uwarsa ta sami abin gorin da za ta yi musu har kabari. Saboda haka a rufe, a ɗaura, a kai ta. In ta haihu a ce bakwaini ne.

Abu ɗaya ya tsaya mata a wuya, rigar. Mata sun riga sun ga hotonta a waya, sun ga yadda ta zauna. In aka canza riga za a tambayi dalili. In aka ƙara ƙyalle a gefe, ko makauniya ta shafa ta san abin da ake ɓoyewa. Rarar da za a saki kuwa tana cikin kwandon shara tun tuni. Tunda ba a iya buɗa riga, sai a rage yarinya.

Aka yanke mata abincin rana. Da safe shayi ba madara, da yamma abin da bai cika tafin hannu ba. Gwaggo ta samo wani shayin rage tumbi mai sa gudawa, safe da yamma. Ta samo ɗamarar roba irin ta masu jego, a ɗaure ta tun daga ƙirji har mara, ba a kwancewa sai wanka. Duk mako kuma a taso ta zuwa shagonmu a gwada riga. Rigar ta zama alƙali, Iya ta zama mai riƙe masa sanda ba da sonta ba.

Ina ganin wucewarta. Da can takan tsaya ta ce, "Baba, yau gwiwar ta bar ka ka yi barci?" Sai ta koma ɗaga hannu kawai. Daga baya ko hannun babu, tana tafe tana dafa bango. Wuya ya zama kamar na kaza, idanu sun faɗa. Rigar ta fara yi mata yawa a kafaɗa, hannun yana reto, amma a ƙugu maɓallin da ya rufu wancan mako ya ƙi rufuwa wannan mako.

Gwaggo ta ce, "Kin gani ko? Uwa na ramewa, ɗa na ƙiba. A ɓoye take ci. Wa ke ba ta?" Ta juya ta dubi uwar.

Angon ya zo wurina wata rana da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe ni.

"Baba, lafiya kuwa gidan nan? Wayarta a kashe. In na zo a ce tana barci."

Na ce, "Yarinyar ba ta da lafiya. Ka je ka ce za ka kai ta asibiti."

Ya je. Gwaggo ta tare shi a bakin ƙofa da dariya har kunne. "Kai ɗan nan, gaggawar me kake yi? Saura ƙiris a kai maka ita ka gaji da gani. Gyara muke yi. Tsohon nan ne ya tsorata ka? Ai shi ko kaza ya ga ta yi atishawa sai ya ce a kira likita."

Ya dawo ta gabana yana tafiya a hankali. Ya ce, "Baba, ko dai ta canza ra'ayi ne suke ɓoye mini? Ko akwai wani?" Ka ji. Zargi kamar hayaƙi ne, ba ya tsayawa a ɗakin da aka hura wutar.

Da uban ya dawo daga tafiya na ɗauki sandata na same shi yana wanke gilashin motarsa. A gabana aka haife shi, ba na masa kwana-kwana.

"'Yarka na mutuwa a tsaye. Ka kai ta a duba ta."

Bai ɗago ba. "Baba, maganar mata ce. Yaya na kai."

"Yayarka likita ce?"

"Baba, ka bar ni da abin da ke damuna. Ni yanzu ko masallaci na shiga gani nake ana kallona."

"Wa ya san zancen ban da ku?"

"Za a sani. In na kai ta aka ce shi ne, ina zan sa kaina? A daure a yi bikin nan. Bayan biki mijinta ya kai ta duk inda ya ga dama."

"Ka tambaye ta da bakinka?"

Ya matse tsumma. "Ba na iya kallonta."

Na ce masa Allah Ya ba shi ido. Na juyo.

Gwajin ƙarshe a shagonmu, wayar Gwaggo ta yi ƙara, masu ɗakin taro ne. Ta fito waje tana faɗa da su a kan kujeru, ta yi nisa. Sai na ji muryar yarinyar ƙasa-ƙasa.

"Iya, wallahi ban san ɗa namiji ba. Na rantse har na gaji. Taɓa ki ji."

Iya ta ce mini daga baya abin a gefe guda yake, da tauri kamar dutsen guga, kuma da ta danna yarinyar ta cije leɓe har ya fashe.

"Tashi mu tafi asibiti yanzu, ni da ke. Ga Baba zai tare mana mota."

"In na fita ba da izini ba, sun ce na tabbatar musu. Gwaggo ta ce ranar da na taka asibiti kada na dawo gidan. Iya, in na daure aka yi bikin, ai za su gani da idonsu ko? Wata tara zai wuce ba abin da ya fito. Sai su yarda."

Lissafin da ta yi ke nan. Ta ba da jikinta a matse don a yarda da ita.

Iya ta gutsura mata burodin da ke kan keke. Ta cusa shi da hannu biyu kamar wadda za a ƙwace wa. Gwaggo ta ɗaga labule ta ga ɓurɓushi a kan silikin.

"Au! Ashe nan ne gidan cin. Mu muna ragewa, ke kina ƙarawa. Ko da ke aka haɗa baki tun farko? A nan suke haɗuwa?"

"Ki ji tsoron Allah," in ji Iya. "Yarinyar nan ciwo gare ta."

"Ni na raine ta, na fi ki sanin ciwonta. Rufin asiri nake mata. Wata rana za ta gode mini."

Ta naɗe rigar, ta tasa yarinyar gaba. Ba su sake zuwa ba.

Ranar biki da hantsi uwar ta zo da kanta, ko takalmi ba ta sa daidai ba. Rigar ta ƙi rufuwa, a taimaka. Iya ta ɗauki allura da zare ta bi ta. Ta tarar an ɗaure yarinyar da ɗamara biyu, mata biyu suna jan rigar ta baya, Gwaggo na cewa a ƙara ja. Maɓallan ƙugu sun ƙi haɗuwa, har madaukin ɗaya ya tsinke. Yarinyar ta riƙe ƙarfen gado, gumi na zuba.

Gwaggo ta ce, "Yawwa, ga mai keke. Ɗinke ta a ciki. In an tashi a farke."

Iya ta ce, "Na ɗinka wa rayayye, na ɗinka likkafani. Ban taɓa ɗinke mutum a cikin riga ba, ba kuma zan fara yau ba. Ku bar bayan a buɗe, a yafa mata mayafi ya rufe."

"Don a ce me?"

Gwaggo ta fizge allurar. Ita ta ɗinke ta da hannunta, ana ja tana soka, tun daga tsakiyar baya har kwankwaso.

Na je ɗakin taron. Gaskiya rigar ta yi kyau. Da ta shigo mata suka miƙe, ana ta cewa kamar kakarta ce ta fito daga hoto. Wata a bayana ta ce, "Kai, amarya ta sha gyara, dubi ƙugu." Gwaggo na gaba tana karɓar barka. Angon yana gefenta yana satar kallonta, ita kuwa idonta na kan ƙasa, tana jan numfashi guntu-guntu kamar tsuntsun da aka riƙe a hannu.

Mai hoto ya ce a tsaya. Suka tsaya. Ya ce amarya ta ɗago ta yi murmushi. Ta ɗago. Ya ce a sake ɗaya. Sai ta sulale, ta zame ta jikin angon har ƙasa.

Gwaggo ta riga kowa isa. "Zafi ne! A ba ta iska! Kada a ɗaga ta da ƙarfi, rigar!"

Angon ya ture hannunta, ya sungumi matarsa ya yi waje. Na bi su a motar wani maƙwabci, ni da Iya.

A asibiti nas ta nemi inda za ta buɗe rigar ta rasa. Ta ga ɗinki a baya. Ta ɗauki almakashi ta sa a wuya ta tsarge shi har ƙasa. Iya tana wurin. Ta ce da aka yanke ɗamarar ta biyu, fatar da ke ƙasa ta yi baƙi, ta saɓule a wasu wurare. Nas ɗin ta dubi matan da ke tsaye ta ce, "Wa ya yi mata wannan?"

Muna zaune a baranda likita ya fito. Gwaggo ta tare shi tun kafin ya ƙaraso, ta rage murya, amma baranda ce, kowa na ji.

"Likita, in cikin ne ya zube, ni za ka gaya wa. Kada mijin ya ji."

Mijin yana bayanta. Na ga fuskarsa.

Likita ya ce, "Wane ciki? Ƙari ne. Ya daɗe yana girma, ya murɗe, jini ya daina kai masa, ya fara ruɓa. Yanzu za mu shiga da ita tiyata. Ina mijin? Zo ka sa hannu."

Aka daɗe. Da ya sake fitowa ya ce ta tsira. Ya ce amma abin ya ci wuri, sai da suka cire har da mahaifar. Ya ce da an kawo ta tun lokacin da ta fara kukan mara, da ƙarin kaɗai za a cire ta tashi ta ci gaba da harkarta. Ya tambaya me ya hana. Uban ya dubi yayarsa. Yayar ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdulillahi! Allah Ya wanke mu. Ƙari ne, jama'a, ba ciki ba ne!"

Ta zaro waya ta fara kira. Ina zaune ina ji tana gaya wa dangi ɗaya bayan ɗaya, da murya irin ta mai albishir. Uban ya sauke ajiyar zuciya ya ce wa na kusa da shi, "Dama na san tarbiyyar da na yi wa 'yata."

Da ta farfaɗo aka bar uwar da Iya suka shiga. Ba a gaya mata abin da aka cire ba tukuna. Ta buɗe ido ta nemi uwarta, leɓenta a bushe.

"Inna, an gani?"

"An gani, 'yata."

"Yanzu kin yarda?"

Uwar ta faɗi a bakin gadon.

Mijin ya riƙe ta. Daga asibiti gidansa ya wuce da ita. Ya zo ya same ni daga baya, ya ce abin da ke hana shi barci shi ne ya tsaya a ƙofar gidan nan an yi masa dariya ya juya, har ya tafi yana zarginta. Ita kuwa ta koma makarantarta, tana koyar da 'ya'yan mutane. Takan bi ta layinmu ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa. Ba ta tsokanata kamar da. In ta zo daidai ƙofar gidan ubanta sai ta tsallaka ɗaya gefen titi. Uwar kan dafa abinci ta kai mata. Tana karɓa, ta yi godiya, ta ajiye. Mijin ya ce ba ta taɓa ci ba.

Har yau babu wanda ya je ya ce mata ya yi kuskure. Uban ya ce ƙaddara ce. Uwar ta ce ita ba ta da ta cewa a gidan. Gwaggo ta ce duk abin da ta yi don rufin asirin yarinyar ta yi, kuma ko wace uwa ta gari abin da za ta yi ke nan.

Kwanan baya sai ga Gwaggo a shagon da ƙunshi. Ta baje rigar a kan tebur, a tsarge gida biyu.

"Iya Mai Keke, abin da ya wuce ya wuce. Duba mini ko za ta gyaru, akwai 'yar ƙanenmu da ke tasowa. Nas ɗin nan ba ta da imani. Ta bi ɗinki ta farke a hankali mana, sai ta sa almakashi a siliki kamar buhu?"

Iya ba ta taɓa rigar ba. Ni na ɗaga labule ba a kira ni ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka buɗe shagon.

Na ce, "Naɗe kayanki."

"Baba, ai magana muke ta mata."

"Na ji irinta a bakin ƙanenki. Naɗe ki fita."

Ta naɗe a hankali, tana lallaɓa yadin kada ya yamutse, ta sa a jaka ta rungume. A gabana aka matse 'yar mutum wata da watanni, ban ga ta tausaya mata da yatsa ɗaya ba. Yadin kuwa ta fita da shi a ƙirji kamar jariri.